Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Yadda Ake Jarraba Ɗaliban Likitanci

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malami ne a wani asibitin koyarwa, kuma damuwata ita ce gwajin da muke yi wa ɗalibi kafin a danƙa masa rayukan jama'a. Kai ma a Jami'ar Ahmadu Bello ka yi karatun likita, zancen ba baƙo ba ne a wurinka.

A da, a bakin gadon majinyaci ake yanke hukunci. A ba ɗalibi mara lafiya guda, ya ɗauki kusan awa ɗaya yana bin diddigin ciwon, ya duba shi, sannan malamai su tsare shi da tambayoyi. Aibin tsarin shi ne sa'a ta yi yawa a cikinsa: wani ya dace da mai hawan jini mai sauƙin kai, wani ya faɗa kan tsohon da ciwon hanta ya galabaitar har ba ya iya amsawa. Don gyara wannan ne Ronald Harden, wani malamin likitanci, da abokan aikinsa a Birtaniya suka fito da tsarin OSCE, wato jarrabawar gwada ɗalibi a aikace, a 1975. Ana jera tashoshi, kowace da aikin da za a gwada, kowane ɗalibi ya zagaye su duka, 'yan mintoci a kowace, a kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba. Aiki iri ɗaya, takardar maki iri ɗaya. Adalci ne, ina goyon bayansa.

Sai dai, ranka ya daɗe, zo ka ga yadda abin ke komawa idan babu kayan aiki. Ɗalibi ya shigo ya ce da baki "na wanke hannuna", babu ruwa babu sabulu, a ba shi maki. Ya ɗora hannu a cikin wani lafiyayyen saurayi da aka kwantar, yana karanto matakan da ya haddace, alhali yatsunsa ba su taɓa jin kumburarren saifa ba. Ya ci jarrabawa. Wata shida bayan haka yana shi kaɗai a ɗakin gaggawa da tsakar dare, an kawo mace mai ciki tana jijjiga.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Da Turanci ake yin tashar zantawa da majinyaci, amma wadda za ta zauna a gaban likitan nan a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci za ta faɗi damuwarta, a kaikaice, cikin kunya, watakila surukarta na tsaye a kanta. Wa ya gwada ko zai iya yi mata bayanin tiyata har ta fahimta ta amince? Wa ya gwada yadda zai sanar da uba cewa ɗansa ya cika? A Ingila, jarrabawar PLAB ta biyu, ta neman izinin aikin likita a can, da likitocinmu ke tururuwar zuwa yi tana da tashoshi 16, kowace minti 8, da mutanen da aka horar su kwaikwayi marasa lafiya. Su sun ɗauki zantawa da majinyacinsu da gaske.

Gwamnati ta ƙara guraben ɗaukar ɗaliban likitanci, kuma muna buƙatar hakan. Amma ɗalibai sun ƙaru, masu jarrabawa kuwa ficewa suke yi daga ƙasar.

Roƙona shi ne ka sa Majalisar Likitoci ta MDCN ta gindaya sharaɗi kafin ta sabunta wa kowace makaranta izini: ɗakin koyon aiki mai kayan gwaji da ke aiki, masu kwaikwayon majinyata da aka horar kuma ake biyansu, da tasha aƙalla guda da za a yi da harshen mutanen yankin. Kuma kada a yar da gwajin bakin gado. A mayar da shi abin da malami zai riƙa yi yana kallon ɗalibi a ɗakin kwanciya, sau da dama cikin shekara, yana sa hannu a littafinsa bayan ya gani da idonsa. A ware kuɗin wannan a kasafin asibitocin koyarwa na tarayya, tunda a ƙarƙashin ma'aikatarka suke.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin likitanci daga Arewa