Wasiƙar godiya ga ma'aikatan gandun daji na Gidimuni

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne domin in gode muku, a madadin kaina da ɗaliban da nake koya wa ilimin halittu a Damagaram, saboda karɓar da kuka yi mana lokacin da muka je kallon tsuntsayen ruwa a tafkin Gidimuni cikin hunturun bana.

Kafin mu iso gare ku, na sha wuya wajen neman wanda zai saurare ni. A wani ofishi an ce mai sa hannu ya yi tafiya, a wani an ce in sake rubuta buƙatata domin ta farko ta ɓace, a wani kuma mutumin da na tarar ya yi dariya, ya tambaye ni ko agwagwar za ta ci wa yaran jarrabawa, daga baya ya shiga kewaye-kewayen da kowa ya san ƙarshensa na goro ne. Saboda haka na kama hanyar Gure zuwa Gidimuni, tafiyar kimanin kilomita 70, ba tare da na sa ran komai ba.

Takardarmu ba ta kwana a teburinku ba, kuma ba wanda ya nemi ko dala. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon ma'aikacin da kuka haɗa mu da shi, wanda ya riga mu isa bakin ruwa bayan sallar asuba, cikin sanyi da hazo, da madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Ya tsugunar da yaran bayan ciyawa, ya hana su nuni da hannu, ya ce: "Ƴaƴana, ku fara da kunne tukuna." Da haka suka gane kirinjijiya ta fitonta tun kafin su ga farar fuskarta, suka kuma rarrabe ta da dinya. Su biyun, in ji shi, ƴan gida ne. Baƙin su ne ƙananan agwagin da ke ƙyanƙyasa a Turai da Siberiya, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi sanyi a tafkunan Sahel, sannan su juya arewa wajen watan Maris. Ya nuna musu mai dogon tsinin wutsiya, da mai baki kamar ludayi wadda ke tace ruwa tana tafiya, da wani farin tsuntsu na dangin tsuntsayen bakin teku mai ɗigon baƙi bayan ido, wanda kansa ke rinewa ya yi duhu idan lokacin ƙwai ya zo. Madubin guda ɗaya ne, amma bai karɓe shi ba sai da kowane yaro ya duba, har da wata yarinya da hannunta ke rawa don sanyi, wadda ya riƙe mata shi da kansa.

Shi ne kuma ya bayyana musu cewa tun 2019 tafkin yana cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 domin kare dausayin duniya, kuma kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda.

Abin takaici shi ne irin wannan riƙon amana ya yi ƙaranci. Tafkuna nawa ne a jiharmu kacala ta cinye, leda ta rufe bakinsu, maharba na ɗirka wa garken agwagi bindiga da rana tsaka, alhali waɗanda aka ɗora wa tsaronsu ba a ganinsu sai ranar kasuwa, suna tare mata masu itace? Ina roƙon magabata su ƙara wa ofishinku madubai da man babur, domin akwai makarantun da suka riga suka tambaye ni hanyar zuwa wurinku kafin tsuntsayen su tashi.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa dattijon nan lafiya.

Naku,
Malamin ilimin halittu, Damagaram