A Dawo Mana da Waƙoƙin Da a Rediyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Jiya a tashar mota na ji wani mai shayi ya kunna tsohon kaset ɗin Shata. Kalangu na tashi, sai ga ni tsaye, har motarmu ta kusa tafiya ta bar ni.

Nan take na tuno lokacin da muke kewaye rediyon Baba mai batir huɗu, muna jiran Zaɓi Sonka daga Kaduna. In batir ya yi sanyi, a shanya shi a rana. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. Allah ya jiƙansu.

Don Allah gidajen rediyonmu su ware musu ko da awa guda a mako. Jikokina ba su san kuntigi ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Funtuwa