Indiyam: ba a Indiya aka gano shi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta bayanin da ya fito a shafinku na kimiyya kan ma'adanan da ke cikin wayar hannu, na kuma ƙaru da shi. Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai, inda marubucin ya ce ƙarfen indiyam ya samo sunansa ne saboda a Indiya aka fara samun sa. Ba haka ba ne. Da yake ɗalibai kan kwashi irin wannan su shiga ɗakin jarrabawa da shi, na ga gara in tanka.

A Jamus aka gano shi, cikin 1863, a makarantar koyon haƙar ma'adinai ta garin Freiberg. Ferdinand Reich da mataimakinsa Theodor Richter suna binciken duwatsun tutiya, kuma ba shi ma suke nema ba. Taliyam suke farauta, wani ƙarfe da aka gano shekara biyu kafin nan. Dabarar zamanin ita ce a ƙona ɗan abu a harshen wuta, a leƙa haskensa ta wata na'ura mai warware haske zuwa launuka kamar bakan gizo. Kowane sinadari da irin layin da yake fitarwa, na taliyam kore ne. To ga inda labarin ya fi burge ni: Reich ba ya iya bambance launuka. Mutumin da aikinsa ya rataya kan launi, idonsa ba ya raba kore da wani! Dole Richter ne ya sa ido a na'urar. Maimakon kore, sai ya ga wani layi shuɗi shar, mai launin baba, wanda bai dace da na kowane sinadari da aka sani ba. Daga sunan wannan launi a bakin Turawa, indigo, aka ciro indiyam.

In za a yi wa marubucinku adalci, bai yi nisa da yawa ba, domin ita kalmar indigo asalinta tana nufin abin da ya fito daga Indiya, da yake daga can rinin yake isa Turai. Amma rinin ne ɗan Indiya. Ƙarfen kansa fari ne kamar azurfa, babu ɗigon shuɗi a jikinsa.

Kuma ƙarfe ne mai ban mamaki da na so a ce an ɗan tsaya a kansa. Lambarsa 49 a jadawalin sinadarai. Laushinsa ya kai a yanka shi da wuƙa, farce ma yana yi masa shaida, in aka goga shi a takarda ya bar zane kamar fensir. Yana narkewa a zafin digiri 156.6, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, ka ga tazarar ba wani yawa. In aka lanƙwasa sandarsa sai a ji tana ƙara ƙas-ƙas, irin kukan da kuza ke yi. A baje kolin duniya na birnin Faris a 1867, dunƙulen rabin kilo aka nuna, ya zama abin kallo.

Shigarsa waya kuwa, ana haɗa shi da kuza da iskar oksijin a shafa siririn fata a kan gilashi. Haske yana ratsa ta, lantarki ma yana bi, shi ya sa allon yake jin taɓawar yatsa. Ba a haƙa rami don shi kaɗai, wajen tace tutiya ake tsintar sa, kuma ƙasar Sin ce kan gaba a samar da shi.

Ina roƙo a sanya gyaran a fitowa ta gaba, a shafin da kuskuren ya fito. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar shafin kimiyya