Zuwa ga aminina a ƙasar Finlan

Damagaram, cikin hunturu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau. An gama girbi, gero ya shiga rumbu, sai ƙura da kaikayin fata.

Saƙonka ya iso, kuma fayafayan robar da ka aiko ba su kwana a akwati ba. Na kai su fadarmu wurin shan shayi, na nuna wa samari bidiyon da ka ɗauko kuna wasan nan na disc golf, wato jifan faifai har ya faɗa cikin kwando da mafi ƙarancin jifa, cikin dajin unguwarku. Nan take suka ce mu ma sai mun yi namu. Kawu ya ba mu aron gonarsa ta hanyar Miriya, maƙwabtan gona ma suka yarda mu ratsa tasu, tunda yanzu ba komai a ciki sai tushiyar kara.

Ka tuna gonar nan lokacin muna ƴan lakwal, fili ne fetal. Yau gawo ya cika ta, saboda manoma sun daina tumɓuke ƙananan da ke tsirowa, suna gyara musu rassa kawai. Ga shi gawo da rani yake fitar da ganye, don haka daidai lokacin da muka samu gonar, lokacin ne ya yi duhu. Kwandon sarƙa da ake jefa faifan ciki ba mu da shi, sai muka kafa turaku a madadinsa muka shafa musu farin fenti. Da wani ya yi ƙorafi cewa wannan ba wasan gaske ba ne, na gaya masa filin farko da Ed Headrick, wanda ake ɗauka uban wannan wasa, ya tsara a Oak Grove, jihar Kalifoniya, a 1975, shi ma da turaku ya fara. Kwandon sarƙa daga baya ya zo.

Abin da nake so ka ji shi ne maganarka ta fito: itatuwan su ne wasan. Akwai turke na huɗu, wanda yake bayan wata kuka, kuma hanyar zuwa gare shi ta bi tsakanin gawo biyu da ba su fi taku uku a tsakani ba, ga magarya a hagu. Wani ɗan kabu-kabu cikinmu, ƙarfin hannu kamar me, kullum sai ya ɗauki faifai mai kaifin baki ya wulwula da iyakar ƙarfinsa. Ka ji "ƙwas!" a jikin gawo, faifan ya gangara cikin magarya, ya fito hannu duk ƙaya, ƙafar wando cike da ƙarangiya. Shi kuwa ɗan autan kawu, yaro siriri, faifai mai kaurin baki yake ɗauka. Ya lura in ka jefa da bayan hannun dama, faifai yana karkata hagu sa'ad da gudunsa ya ragu, sai ya auna dama kaɗan, ya sake shi a hankali, ya bar shi ya lanƙwaso da kansa ya zagaye kukar. Jifa uku ya taɓa turke. Wallahi ranar da na ga wannan lanƙwasa, tsigar jikina sai da ta tashi.

Iskar hunturu ma tana da nata. In ta bugo ka ta gaba, faifai sai ya ɗaga sama ya kauce, shi ya sa muke fita da sassafe ko bayan la'asar.

Damuwata ɗaya ce. Wasu sun kawo shawarar a sare rassan da ke tare hanya, na ce sam. In an sare, me ya rage? Kuma ƴaƴan gawon nan abincin tumakin kawu ne. Sai dai makiyayi mai saran rassa don dabbobinsa ba ruwansa da turke na huɗu, don haka zan je in ga mai gari.

Don Allah ka auna mini kwando ɗaya na filinku: tsayinsa daga ƙasa, faɗin bakinsa, da yawan sarƙoƙin. Na yi magana da wani mai walda kusa da kasuwar Dole, ya ce in akwai awo da hoto zai ƙera. In ka samu mai tahowa, ƙaro mana masu kaurin baki, ko tsofaffi ne.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce kilishinka yana nan tafe. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka amini har kullum.