Zuwa Ga Sadi, Kan Maganar Fuka-fukai

Agege, Legas
Daren Laraba

Sadi mutumina,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zafin Alƙahira? Na san ka cika ka batse. Saƙonka uku na gani ban amsa ko ɗaya ba, ka yi haƙuri. Abin da ya ɓoye ni ne ya fi ƙarfin saƙon waya.

Fuka-fukai nake yi, Sadi.

Gama dariyar tukuna, ina jira. Ka tuna zamanmu a bayan shago muna kallon zanen Japan a waya ɗaya har caji ya mutu, kana cewa da za a ba ka zaɓin baiwa, tashi sama za ka ɗauka don ka huta da cunkoson Oshodi? To Lagos Comic Con ɗin nan, taron masoya irin waɗannan zane-zane da ake yi tun 2012, muke ta cewa baɗi, baɗi, bana na rantse sai na je a Satumba, kuma da shigar Hawks, jarumin nan na zanen My Hero Academia, jajayen fuka-fukansa da komai. Kosfile ake ce wa abin, Japanawa ne suka raɗa masa sunan a farkon shekarun 1980. Inna ba ruwanta da wannan. Da ta leƙo ɗaki ta ga tarin tarkace, cewa ta yi, "Tashe za ka yi azumi bai zo ba?" Kawu ya fi ta iya shege. Ya ce ai shigar burtu ce, kakanmu ma ya yi ta a daji, bambancin kawai shi yakan dawo gida da nama.

Rigar ba ta ba ni wahala ba. Jaket ruwan ƙasa na tsinta a gwanjon Katangowa, tela ya ɗinka mata gashi a wuya, na haɗa da gilashin masu walda da wata tsohuwar abar sauraron kiɗa da ta daina aiki. Rana ɗaya na gama. Fuka-fukan ne suka ci min wata biyu da fatar yatsu uku.

Da farko na ce gashin tsuntsu na gaske zan sa, don kada a raina ni. Na je wurin masu fige kaji na kwaso buhu guda, suna ta kallona kamar wanda boka ya aiko. Warin kaɗai ya isa, sau huɗu na wanke da omo har Hajiyar gidan gaba ta aiko a tambaya ko wani abu ne ya mutu. Na rina da garin rinin atamfa, suka fito ruwan hoda kamar kayan lefe. Ashe gashin tsuntsu dangin gashin kai ne da ulu, rinin auduga ba ya kama shi sosai, nasa rinin daban ne, sai an haɗa da ruwan zafi da ruwan kal mai tsami. Ga shi gajeru, mafi tsawo da kyar ya wuce tafin hannuna. Na talo-talo sun fi tsayi, amma da na ji kuɗinsu na yi sallama. Haka dai na manna su a kwali da gam ɗin bindiga, na ɗaura a faif ɗin ruwa. Na kai wa mai gas ya ɗora a sikelinsa: kilo 6.

Za ka ce kilo 6 ai ba komai. Ɗauki bokitin ruwa ka miƙe hannu da shi ka gani. Nauyin ba a jikinka yake ba, yana can nesa da bayanka yana janka baya, igiyoyin kuma suna hawowa su shaƙe wuya. Minti goma na yi a tsakar gida na ji ƙugu na neman rabuwa da ni. Na cire na shanya a rana na tafi sallar Azahar, kafin in dawo gam ɗin ya saki, gashin na zuba ɗaya-ɗaya, yaran gida na bi suna tsinta. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Ka san abin da ya cece ni? Kazar da Inna ta sa a yanka ranar Juma'a. Kafin a fige na zauna na buɗe fiffikenta na ƙare masa kallo, abin da ya kamata in yi tun farko. Dogayen gashi goma ne a ƙarshe, wurin da yake kamar tafin hannunta, sai wasu masu faɗi a jere a kan ƙashin da ke biye, sai ƙanana sahu-sahu da suka rufe tushensu. Kowanne ya hau kan ɗan'uwansa, kuma na dama da na hagu ba lanƙwasa ɗaya suke da ita ba, ni kuwa da na cakuɗa su kamar gyaɗa. Sai na tuna yadda ake baibayar jinka a ƙauyenku: daga ƙasa ake farawa a yi sama, kowane sahu ya rufe kan na ƙasansa. Shi ke nan sirrin.

Na watsar da gashin kaji na koma roba, irin ta silifa, wadda masu abin ke kira EVA, mai kaurin milimita 2. Gashi 140 na yanka da reza, Sadi, ɗaya bayan ɗaya, 70 dama 70 hagu. Dogayen na sa musu siririyar waya a tsakiya don su tsaya, na ja musu layi-layi da ƙarfen liƙin dalma na shago, na lanƙwasa su da na'urar busar da gashin Ummi (ba ta sani ba har yanzu, kada in ji a bakinka). Gam kuma na masu gyaran takalmi ne: a shafa gefe biyu, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Idan ya kama ya kama, babu gyara. A waje nake yi, don ranar farko da na rufe ƙofa sai da ɗakin ya riƙa juya min. Robar kuma shan fenti take kamar rairayi, sai da na shafe ta da farin gam na kafintoci sau uku kafin jan ya zauna.

Af, kafin in manta, an sa ranar Bala, bayan Mauludi. Yarinyar nan ce dai da ya rantse ya daina zuwa gidansu. Kuma Habu ya sayar da babur ya shiga harkar POS, yanzu ko gaisuwa sai ya cire caji. Yana tambayarka, wai har yanzu kana riƙe da dubu biyunsa na ranar kallon ƙwallo. Na ce ban san zancen ba, amma na sani.

To, nauyin. Allon yanka albasa na roba na samu, na huda shi na ɗaure faif ɗin da noti, na ɗinka masa hannayen tsohuwar jakar makaranta, na ƙara bel mai faɗi a ƙugu. Yanzu ƙugu ke ɗauka, kafaɗa riƙewa kawai take. Allon na ɓoye a ƙarƙashin jaket, an tsaga ta wuri biyu a baya. Kilo biyu da rabi, mai gas shaida ne. Shekaranjiya na saka na tsaya gaban gilashin tagar mota, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kawu ya zagaya ni sau biyu bai ce uffan ba, ka kuwa san ma'anar wannan a wurinsa.

Damuwata biyu ce. Faɗinsu in sun buɗe ya kusa mita 2, ko ƙofar ɗakina sai na karkace. Na yi su yadda ake zare kowanne daga ramin faif, amma duk da haka ka hango ni a danfo daga Agege zuwa Victoria Island, kwandasta na neman kuɗin kujera uku, ga ruwan Satumba. Ta biyun ita ce ta kawo ni wurinka, injiniya. So nake in ja igiya a ƙugu su buɗe. Na yi gaɓoɓi da katako sirara kamar almakashi, na hagu na buɗewa lafiya, na dama sai ya tsaya rabi kamar zakaran da ya sha kashi. Na auna, na sake aunawa, tsawonsu ɗaya. Ko ramin notin ne ya kauce, ko igiyar ce ke gogar allon? Zan turo maka hoto gobe da safe, ka zana min a takarda yadda zan gane, ban da lissafin nan naka mai haruffa. Saura mako biyar.

An ɗauke wuta, fitilar waya nake amfani da ita, ga gashi goma sha biyu na jiran fenti. Ka gaishe min da su Mustafa, ka ce masa na ga hoton, gemun bai karɓe shi ba.

Naka,
Auwalu Mai Fiffike (Ummi ce ta raɗa, ya kuma bi ni har shago)