Kafin a sayi jirgin ruwan shaƙatawa a Jidda, a lissafa abin da zai ci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana Hausawa mazauna Jidda da Makka, musamman matasan da Allah ya buɗa wa a kasuwanci, waɗanda a 'yan shekarun nan suka fara sha'awar mallakar ƙaramin jirgin ruwa mai inji don fita yawo da kamun kifi a Bahar Maliya. Sana'ata gyaran injin irin waɗannan jirage a yankin Abhur da ke arewacin Jidda, kuma abin da na lura shi ne mai saye yakan yi ta ciniki a kan farashin jirgin, alhali kuɗin da zai fi ɗaga masa hankali yana gaba. Lamarin tamkar sayen doki ne: biyan kuɗinsa rana ɗaya ake yi, amma harawa da dawa kullum ne.

A fara da mai, tun da shi ne mutane suke rainawa saboda araharsa a ƙasar nan. Tun watan Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da farashin litar fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18, mai lamba 95 kuma riyal 2.33. Sai dai injin jirgi ba kamar na mota ba ne, domin babu gangara a teku, kuma ruwa yana riƙe jirgi a kowane lokaci. Ƙiyasin da masu sana'a ke amfani da shi shi ne inji mai ƙarfin doki 200 yana shan kusan lita 75 a awa ɗaya idan aka sake masa wuta gaba ɗaya, wato fiye da riyal 160. Ko an tafi a matsakaicin gudu an sha rabin haka, fitar yini guda zuwa wuraren da ake samun kifayen da ake kira najil da hamur tana lashe ɗaruruwan riyal, ba a sa ƙanƙara da koto ba. Wanda ya ɗaura inji biyu don a gan shi, to, ya ninka lissafin.

Bayan mai sai gishiri, wanda shi ne babban abokin gabarmu. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, kusan kashi 40 cikin 1,000, alhali matsakaicin na sauran tekuna 35 ne, ga kuma ɗumin ruwa da ke sa ƙananan halittu su manne a ƙarƙashin jirgi cikin 'yan makonni. Jirgin da ke kwana a ruwa yana buƙatar fenti na musamman a gindinsa kusan kowace shekara, da sauya gutsattsarin ƙarfen da ake liƙa wa inji domin tsatsa ta ci su a maimakon ta ci shi. Kamfanoni irin su Yamaha da Suzuki da Mercury sun tsara a yi wa inji hidima bayan awa 100 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. A lura da wannan sharaɗi na biyu, domin ma'anarsa ko jirgin bai motsa ba sai an kashe masa kuɗi. Hasali ma injin da aka ajiye ya fi wanda ake aiki da shi kawo mana ciniki: fetur ya lalace a tanki, batir ya mutu, ƙaramar farfelar roba mai jawo ruwan sanyaya inji ta bushe ta tsattsage, ranar da aka tayar da shi ya yi zafi a tsakiyar teku. Duk kayan gyaran nan ana biya musu harajin saye na kashi 15 cikin 100 tun watan Yulin 2020.

Sai wurin ajiya. Ko dai a kama haya a tashar jirage a riƙa biya wata-wata, ko a sayi tirela da motar da za ta iya janta, a kuma nemo filin ajiye ta, abin da mazaunin gidan haya a unguwannin Jidda irin su Sabil ko Gulail ba shi da shi. Akwai rajista a hukumar sufuri, da lasisin tuƙi, da izinin fita daga jami'an tsaron iyaka, da rigunan ceto da na'urar kashe gobara. Shawarata ita ce a je ofis a ji sharuɗɗan da suka shafi irin takardun zaman mutum kafin a ba dillali ko riyal ɗaya.

Game da zaɓen jirgin kansa, mafi yawan masu zuwa wurina na hannu suke nema, kuma ban ga laifinsu ba, in dai za su duba da idon basira. A kama ƙafar injin a danna ta da ƙarfi ana kallon bangon baya inda aka ɗaure shi. Idan bangon ya lanƙwasa ko tsaga ta bayyana a gefen kusoshi, katakon ciki ya sha ruwa ya ruɓe, gyaransa kuma yana iya kai rabin kuɗin jirgin. A kwance ƙaramin noti na ƙasan giya a ga man da zai ɗigo. Idan ya fito fari-fari, ruwan teku ya shiga. Injunan zamani suna ajiye adadin awoyin aikinsu, don haka a sa makaniki ya jona kwamfuta ya karanta, kada a dogara da rantsuwar mai sayarwa. Haka kuma kada a gwada jirgi da sassafe a cikin mashigar Abhur kawai, inda ruwa yake kwance. A fita da shi bakin teku bayan azahar, lokacin da iskar arewa ta taso, a nan ne ake gane bambancin jirgi mai tsinin gindi, wanda ke yanka igiyar ruwa, da mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda zai jijjiga iyali har su rantse ba za su sake shiga ba.

Tambayar da nake so kowa ya amsa wa kansa da gaskiya ita ce sau nawa zai fita a shekara. Ɗan kasuwar da shagonsa ke Makka ba ya samun sukuni a Ramadan da lokacin aikin Hajji, tsakiyar bazara kuma zafi da gumi suna hana fitar rana. Idan ya tara kuɗin ajiya da hidima da takardu da faɗuwar darajar jirgin, ya raba da 'yan Juma'o'in da suka rage, sau da yawa zai tarar hayar jirgi da matuƙinsa ta fi sauƙi, ga shi matuƙin ya san inda duwatsun murjani suke ɓoye, waɗanda kan karya farfela a bugu ɗaya. Waɗanda suka nace sai sun mallaka, su haɗu su uku ko huɗu, amma su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: ranar kowa, kason kowa a asusun gyara, wanda zai biya idan ɓarna ta faru a hannunsa, da yadda za a yi wa jirgin kuɗi idan ɗaya ya so fita.

Wassalam.

Naku,
Wani makanikin injin jiragen ruwa,
Abhur, Jidda