Mazubin kaya da ke jan ido a kanti: shawara ga masu ƙananan sana'o'i a Katsina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana da masu ƙananan sana'o'in abinci na Katsina da Daura, wato masu yaji, garin kunu, dambun nama, kilishi, zuma, man shanu da zoɓo, waɗanda kayansu suka fara shiga manyan kantuna. Kayan ba su da laifi. Amma sai ka ga an jera su kusa da na kamfanonin Legas da Kano, na waje suna ƙarewa, namu na shan ƙura. Mafi yawan lokaci mazubin ne ya kayar da su, domin an zana shi a fuskar waya, an yaba shi a fuskar waya, ba wanda ya je ya tsaya inda mai saye yake tsayawa.

A kantin unguwa mai saye ba ya taɓa kaya. Yana tsaye a waje, tsakaninsa da kanta mita biyu zuwa uku, wani lokaci ma ta bayan raga. Sau da yawa kuma ba mai buƙatar kayan ba ne ya zo, yaro aka aiko daga cikin gida. Uwarsa ba za ta karanta masa adireshi ba, cewa za ta yi, "Ka ce a ba ka yajin nan mai koriyar leda." Saboda haka duk mazubin da ba za a iya kwatanta wa ɗan shekara bakwai shi da kalma uku ba, ya riga ya rasa rabin kasuwar cikin gari. Abin da ake so a gaban mazubi bai wuce uku ba: sunan kayan, launi guda da ya rinjayi saura, da alama guda da za a iya faɗa da baki, ko tauraro, ko ƙwarya, ko rakumi. Lambar waya har uku, da sunan shafin Instagram, da hoton tukunya, da taken godiya, duk su koma baya.

Girman rubutu lissafi ne da shi. Idan ana so a karanta suna cikin sauƙi daga mita uku, tsayin harafin ya kai santimita 2 zuwa 2.5. A sa shi a kashi ɗaya bisa uku na saman mazubin, domin gindin leda yakan ɓuya a bayan bakin kanta ko bayan takardar farashi. Salon rubutu kada ya wuce biyu, kuma a guji mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, daga nesa ba ya karantuwa. Ƙananan bayanai na baya kada su gaza lamba 6 a ma'aunin rubutun kwamfuta, in kuma farin rubutu ne a kan launi mai duhu a kai shi lamba 8, saboda tawada tana ɗan bazuwa ta cinye siraran layuka.

Zancen launi ne aka fi yin kuskure a kai. Kowa ya ji cewa ja da ruwan ɗorawa suna jan ido, sai kowa ya yi ja da ruwan ɗorawa. Ku duba sashen kayan miya a kowane kanti a kan titin IBB ko Ƙofar Ƙaura: tumatirin leda ja, taliyar yara ja da rawaya, sinadarin ɗanɗano haka. Jan yaji a cikin wannan jeri ɓacewa yake yi. Abin da ke fito da kaya shi ne bambanta da maƙwabcinsa. Kafin a zana komai, a je kantuna uku ko huɗu da ake son shiga, a nemi izini a ɗauki hoton sashen da kayan za su zauna, a ga launin da babu. In duk jere ja ne, farar leda mai baƙin rubutu babba, ko kore mai duhu, ita ido zai fara sauka a kai. Sannan a mayar da hoton zanen zuwa baƙi da fari a waya. Idan sunan ya narke cikin bango, to hasken launukan biyu ɗaya ne, a canza ɗaya. Ja a kan kore da shuɗi a kan baƙi suna yawan faɗuwa wannan gwaji.

Kwalba da gorar roba nasu daban. Gorar rabin lita kewayenta kusan santimita 20 ne, amma abin da ke fuskantar mai kallo sosai bai fi santimita 7 ba. Wanda ya shimfiɗa suna a tsawon santimita 15, mai saye rabin sunan kawai zai gani. Robar da samanta ya fi gindinta faɗi kuma, irin ta man shanu da yogot, ba ta karɓar sitika mai kusurwa huɗu, sai ta tattare. Dole a yanka ta da ɗan lanƙwasa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a naɗa farar takarda a jikin robar, a zana gefenta da fensir, a kai wa mai zane ya auna.

Duk wannan ado ne, kuma ado ba ya tsayawa in ledar ba ta dace da abin da ke ciki ba. Farar leda mai laushi da ake saye a Babbar Kasuwa tana tare ruwa daidai gwargwado, amma iska tana ratsa ta. Duk abin da ke da mai, kamar kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli da yajin da aka daka da ƙuli, iska da haske ne ke sa mansa ya yi ɗaci da warin tsufa, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma yana gaggauta abin. Irin waɗannan suna buƙatar leda mai hawa biyu ko uku wadda cikinta ke da shafen azurfa, ko mai falle na alminiyam. Mutanenmu suna son ganin abin da za su saya, wannan gaskiya ne, amma maganinsa 'yar taga ce a gaba, kamar santimita 3 a 5, ba a buɗe fuskar gaba ɗaya ba. Kayan gari kamar kuka, garin ɗanwake da garin kunu, damina ce abokiyar gabarsu: laima ta shiga su dunƙule. Su leda mai kauri, wajen maikiron 80 zuwa 100 a ma'aunin kaurin leda, da liƙi mai kyau ta ishe su, zif kuma yana taimakon uwar gida bayan ta buɗe. Zoɓo launinsa yana dusashewa a rana, kuma gorar roba mai garai-garai tana motsewa idan aka zuba mata abu da zafinsa ya wuce digiri 60 ko kusa da haka, sai a bari ya huce tukuna. Tsohuwar jarida da takardar siminti kuwa, don Allah a raba su da abinci mai maiƙo, tawadar tana narkewa cikin man.

Wajen liƙi ne kaya da yawa ke lalacewa ba tare da mai su ya san dalili ba. Ƙaramin injin liƙe leda na hannu yawanci layinsa siriri ne, milimita 2 ko 3. Ga leda mai kauri a nemi mai milimita 5 zuwa sama, ko a liƙa sau biyu. A bar sarari na santimita 3 zuwa 4 tsakanin kaya da baki. Idan garin yaji ko maiƙo ya taɓa wurin liƙin, ba zai kama ba ko da ya yi kamar ya kama, don haka a zuba da mazurari, a goge bakin da busasshen ƙyalle. Bayan fitilar injin ta mutu a ci gaba da dannewa daƙiƙa biyu ko uku, domin lokacin hucewa ne liƙin ke ƙarfi. Gwajinsa ba wuya: a nutsa leda guda cikin bokitin ruwa a matse. In kumfa ya fito, akwai ƙofa. Wanda kayansa za su rataya a ƙusa ko igiya a kantin unguwa, ya sa a huda ramin ratayewa a saman layin liƙi, ba a ƙasansa ba.

Sai wajen ɗab'i. Launin da ke fuskar waya na haske ne, na injin ɗab'i kuwa tawada huɗu ce ake gaurayawa, shi ya sa kore mai walƙiya da shuɗi mai haske suke fitowa a mace. A gaya wa mai zane tun farko ya yi aikin a tsarin CMYK, wato tsarin tawada huɗun nan. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, a takarda zai fito dishi-dishi, ana buƙatar asalin hoton mai ɗigo 300 a kowane inci. A bar rarar launi milimita 3 a kowane gefe, kuma kada rubutu ya kusanci gefe da ƙasa da milimita 3, saboda wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya kullum. Masu rubuta Hausa su lura, salon rubutu da yawa ba su da ɗ da ƙ da ɓ, idan aka buɗe aikin a wata kwamfutar sai su koma akwatuna. Mai aiki da manhajar zane ta CorelDraw ya mayar da haruffan su zama zane kafin ya tura. Ni a ganina, layi ɗaya na ajami a ƙarƙashin sunan yana da riba a ƙasar nan fiye da yadda ake zato, haka ma ɗan bayani da Faransanci ga wanda kayansa ke bi ta Jibiya ko Mai'adua zuwa Maraɗi da Damagaram.

Sitikar takarda ta fi araha, amma ba ta jure firij ko maiƙo. Gorar zoɓo da ta fito daga sanyi tana zufa, takardar ta jiƙe ta saɓule, tawadar ƙaramar firinta ta gida kuma ta zube. Abin sanyi da abin mai, sitikar roba mai rufin leda a sama suke so. Rufi mai sheƙi ya fi sauƙin gogewa in ƙurar hunturu ta hau, marar sheƙi ya fi kyan gani amma yana riƙe shatin yatsa mai maiƙo. Rana kuma rawaya da ja take fara ci, shi ya sa tsofaffin fastoci ke komawa shuɗi-shuɗi. Buga zane kai tsaye a jikin leda ya fi kyau, sai dai kowane launi da nasa farantin ko silindar da za a biya, kuma kamfanoni ba sa karɓar ƙaramin aiki. Mai farawa ya sayi leda mai tsayuwa marar rubutu, ya manna sitika, ya buga ɗari biyu ko uku, ya ga yadda kasuwa ta karɓa kafin ya zuba jarinsa a dubbai da ba zai iya gyarawa ba.

Bayan mazubi na hukuma ne. Hukumar NAFDAC tana son a ga sunan kayan, jerin abubuwan da aka haɗa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, nauyin abin da ke ciki ban da mazubi, suna da adireshin mai yi, lambar rukunin da aka yi tare, ranar yi, ranar ƙarewa, da lambar rajista. Wanda bai samu lamba ba kada ya ƙirƙira ko ya ari ta wani, laifi ne babba. Kada a rubuta cewa yaji ko zuma na maganin basir da ciwon suga, abinci ba a yi masa da'awar warkarwa. In akwai gyaɗa a ciki a faɗa a fili, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta. Wurin kwanan wata a bar farin akwati marar rufin leda, kamar santimita 1.5 a 4, domin tawadar hatimi ba ta bushewa a kan sheƙi, yatsa ɗaya ya goge ta. Kwaikwayon launi da salon sunan babban kamfani kuma ba dabara ba ce, yana iya kai mutum kotu, kuma mai saye yana ɗaukar kayan a matsayin jabu.

Manyan kantuna masu na'urar haska kaya a wurin biya za su nemi lambar nan mai layuka. Ta gaskiya daga GS1 Nigeria, ƙungiyar da ke ba da irin wannan lamba, ake samunta, alƙaluma 13 gare ta, tana farawa da 615. Wadda aka kwafo daga intanet tana iya karo da kayan wani a kwamfutar kantin. Cikakken girman lambar mai layuka wajen milimita 37 a 26 ne, kada a rage ta ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, a bar farin fili dama da hagu. Layukan su zama baƙi a kan fari. Jajayen layuka na'urar ba ta ganinsu, saboda da jan haske take karatu. A jikin siririyar kwalba a kwantar da ita yadda layukan za su hau kamar tsani, kada lanƙwasar kwalbar ta ɓoye gefenta.

Kafin a biya kuɗin bugu, a fitar da guda ɗaya a ainihin girmansa, a manna a mazubin da aka cika da kaya, domin leda in ta cika tana kumbura ta ja rubutun gefe zuwa baya. A kai kanti a ajiye cikin 'yan uwansa, a ja da baya taku huɗu, a sa wanda bai taɓa ganinsa ba ya faɗi ko mene ne. A bar ɗaya a rana mako guda, ɗaya ya kwana a firij, ɗaya a shafa masa man gyaɗa a murza da yatsa. Sannan a cika kwali da 12 ko 24, a sake shi daga tsayin ƙugu, tunda haka za a yi masa a tasha. Kwali mai falle uku yana isar kaya marasa nauyi, amma kwalaben zuma da za su bi hanyar Kano ko Funtuwa a watan Agusta, lokacin da laima ke sa kwali laushi, mai falle biyar suke buƙata, da 'yan katangun kwali tsakanin kwalba da kwalba.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai sana'ar zane da ɗab'i,
Katsina.